Eriyar da Ta Kashe Surukin Tori

A garinmu Guruparu, nan ƙasar Bargu, dutse ne ya shiga tsakaninmu da duniya. Shekarar da aka buɗe tashar FM a Bembereke, ƙauyukan kewaye duk suka samu abin saurare da yarenmu. Mu kuwa in ka kunna akwatinka ba abin da za ka ji sai shuuu, kamar an jefa ɗanyen cuku a tafasasshen mai. Wanda ya matsu sai ya hau rabin dutsen, ya ɗora rediyon a ka, ya sandare kamar mai tallar da aka kafe da asiri.

Ba rashin kiɗa ne ya dame mu ba, sanarwar rasuwa ce. A lokacin wayar hannu ba ta iso ba, kuma a wajenmu wanda ya makara jana'izar surukinsa ya shiga bakin duniya har jikokinsa. Mun sha isa gidan makoki bayan an cinye sa an kife tukwane, har mutanen ƙauyukan gaba suka laƙaba mana suna, wai masu zuwa wanke-wanke.

To, ana cikin wannan hali Tori ya dawo daga Kwatano da wata hula mai baki da sukudireba a aljihun gaba. Waɗanda suka gan shi a can sun ce shara yake yi a shagon wani mai sayar da talabijin, in an fita aiki kuma shi ke riƙe tsani. Amma a bakinsa, ba gidan babban mutum a birnin da bai kafa wa eriya ba. Ya ce akwai wadda ya ɗaura wa wani attajiri, saboda ƙarfinta har hirar matuƙan jirgin sama take jawowa, sai da aka zo aka roƙe shi ya rage mata tsawo.

Wata ranar kasuwa, a gindin ɗorawa inda maza ke zama, ya miƙe ya ce ya gaji da abin kunyar garin nan. Zai haɗa eriya mai fuska ɗaya, irin wadda ke kama da ƙashin kifi, dogayen ƙarafa a baya, gajeru a gaba. In ya saita bakinta ga Bembereke, ko tari mai karanta labarai ya yi sai an ji a Guruparu. Woru mai doya, sa'ansa kuma maƙwabcinsa da katanga ɗaya ta raba, ya tambaye shi ko dutsen zai matsa ne don ya ga hula mai baki.

"Kai doya ka sani, Woru. Abin da ke cikin ƙasa naka ne, na cikin iska ka bar wa masu shi."

"Na bar maka, Injiniya. Sai dai duk abin da ya hau iska, ƙasa yake dawowa, kuma gidana ne kusa."

Daga ranar sunan Injiniya ya bi shi, shi kuwa ya karɓa hannu biyu, bai san da zolaya a ciki ba.

Wadda ta fara ɗanɗana aikin ita ce matarsa Bake, mai sayar da sakwara da miyar cuku a bakin hanya. Ta dawo daga rafi ta tarar an cire ƙarafan gidan sauron gadonta, an yi wa lemarta tsirara, babban ludayinta na dalma kuma an fasa shi an miƙar da mariƙin. Ta same shi a tsakar gida ya baje su a kan wani katako yana awo da tafin hannu, harshe a waje. Da ta tambayi da me za ta kwashe miya gobe, sai ya ce mata matar injiniya ba ta tambayar ludayi, nan da 'yan kwanaki mutane za su riƙa cika gidan nan sauraron rediyo, sakwararta ma ba za ta isa ba. Bake ta ce Allah ya sa, ta shiga gidan Woru aron ludayi.

Da ya gama ɗaure-ɗaurensa, abin ya fito kamar kifin da kuliyoyi suka yi wa taron dangi. Ya kafa shi a kan gora biyu da ya haɗa da robar tayar keke, ya tara maza su taya shi ɗagawa. Shi ne mai ba da umarni, ya koma gefe yana nuni da sukudireba. Gorar ta miƙe, ta yi ɗan rawa a sama kamar tana tunanin inda za ta, sannan ta zaɓi rumfar doyar Woru. Rumfa ta zube, zabi suka watse, wata doya ta gangaro har gaban Tori. Woru ya leƙo ta kan katanga, ya dubi ɓarnar, ya ce lallai eriyar nan tana da fuska, ga shi tun ba a kunna ba ta kamo gidansa.

Tori ya ce gwaji ne, ko a Kwatano sai an kayar da ita sau ɗaya a ga ƙwarinta.

Washegari ya ce a kan rufin ɗaki za a kafa ta. Ya hau da kansa, yana faɗa wa na ƙasa cewa shi a kan bene mai hawa goma ma takalmi a ƙafa yake yawo. Bai rufe baki ba ƙafarsa ta dama ta huda tsohon kwanon ta leƙa cikin ɗaki har gwiwa. Bake tana ciki tana tsince wake, ta ɗaga kai ta ga ƙafar mijinta tana lilo a saman kanta. Ta matsar da faifanta gefe ta ci gaba da aikinta. Shi kuwa da aka zaro shi, ya ce da ma yana neman inda zai zura waya, ga shi Allah ya kawo sauƙi.

Aka zura wayar ta nan, aka naɗa ta a jikin eriyar rediyon. Saura saiti. Nan gardama ta tashi, don kowa ya san hanyar Bembereke amma ba wanda ya san inda Bembereke take. Wani ya nuna inda mota ke fita, wani ya ce ai hanyar zagaye take yi, garin yana bayan dutse, wani tsoho kuma ya dage cewa a bi inda hadari ke tasowa. Tori ya ce kowa ya yi shiru, shi hancinsa ma yana jin inda tasha take. Ya sa Bake ta zauna gaban rediyo ta riƙa faɗa masa in magana ta fito, ya kama gorar yana murzawa a hankali.

Bake ta ce shuuu ne. Ya murza. Ta ce har yanzu ana suya. Ya ƙara murzawa, ya miƙa hannu ya dafa ƙarfen baya don ya gyara shi, sai ga muryar mutum ta cika ɗakin, tar da ita, da yarenmu, ana gaishe da manoman auduga. Tsakar gida ta kaure da murna. Tori ya saki ƙarfen ya ɗaga hannu biyu yana karɓar gaisuwa, sai muryar ta ɗauke. Ya dafa, ta dawo. Ya saki, shuuu.

Kafin a yi haka labari ya kai wa mai gari, ya iso da kujerarsa. Aka fito da rediyon bakin ƙofa, dattawa suka jeru a inuwa. Mai gari ya ɗaga kai ya ce wa Tori ya daure ya riƙe, ana shirin faɗin ranar awon auduga. Aka faɗi ranar awo, sai aka shiga cigiyar shanun da suka ɓata, mai gari ya ce wannan ma da muhimmanci. Daga nan aka shiga gaishe-gaishe, kowa yana jira ko zai ji sunan ɗan'uwansa. Rana ta take, kwano ya ɗau zafi, Tori yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya kamar zakara a kan tanda. In ya ɗan sassauta don ya share gumi, sai dattawa su ɗago kai gaba ɗaya su harare shi.

"Ashe kai ne eriyar, Injiniya," in ji Woru. "Ƙarafan nan ado ne. A mayar wa Bake ludayinta, kai kuma a kawo ƙusa a kafe ka."

Sai da tasha ta tafi hutun rana aka bar shi ya sauko, tafin ƙafa duk bororo. Ya ce wa Bake wannan shi ake kira ɗumama eriya, dole sai ta saba da jinin mai ita.

Amma a faɗi gaskiya, Tori bai da zuciyar sarewa. Ya ƙaro gora ta uku, eriyar ta yi sama har ta wuce kan mangwaro, kuma cikin ikon Allah ta kama Bembereke ita kaɗai ba mai riƙe ta. Sai dai iska na juya ta. Don haka ya ɗaura igiya a wutsiyarta, ya sauko da ita ta bayan katanga, ya nemi abin da zai ɗaure ya rasa, sai turken bunsurun Woru. Woru ya ce masa turken nan da mai shi, kuma ba shi da ƙwari. Tori ya ce bunsuru bai isa ya motsa aikin da aka yi da lissafi ba.

Bunsurun bai san lissafi ba. Abin da ya sani shi ne in ya finciki turken yana tugewa, sai ya ja shi iya inda igiyar Tori ta ƙare. Da safe, in yana kwance a inuwar katanga, Bembereke ake ji. In ya hango akuya ya nufi gabas, eriyar sai ta bi shi a hankali, kiɗan Yarbawa ya shigo daga hayin Najeriya. In ya koma wajen kwatami, sai wani ya hau zuba Faransanci daga Parakou. Masu sauraro suna cikin gida, ba sa ganin bayan katanga. Tori ya ce musu irin ta zamani ce, da kanta take zaɓen tasha, in ta ga mutane sun gaji da magana sai ta sako musu kiɗa. Woru kaɗai ke ganin komai daga inda yake gyaran rumfarsa, yana dariya shi ɗaya har matarsa ta fara zargin ko rana ta taɓa shi.

Gidan Tori ya koma dandali, sakwarar Bake tana ƙarewa tun kafin azahar, har ita ma ta fara kiransa Injiniya ba da gatse ba. Shi kuwa abu ɗaya ya rage masa: kullum aka zo sanarwar rasuwa sai ya matso, ya kasa kunne, in aka gama ba a ambaci wanda garin ya sani ba sai ya yi tsaki a ɓoye. Yana so a yi mutuwar da Guruparu za ta riga kowa zuwa, a san aikin wa ne.

Ran nan da hantsi, tsakar gida cike, rediyo ya ɗan yi shuuu ya dawo. Wani ya ci gaba da karanta rasuwa da yarenmu. Ya ce Allah ya yi wa dattijo Sabi Gunu rasuwa, na garin, sai ƙara ta cinye sunan garin, za a yi jana'iza yau da la'asar.

Muciya ta faɗi daga hannun Bake. Sabi Gunu sunan mahaifinta ne, tsohon maharbi da ke zaune a Dabaru, mutumin da tun da Tori ya auri 'yarsa bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce mijin Bake. Ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka, mata suka kewaye ta.

Mai gari ya tambaya ko wani ya ji sunan garin. Kowa ya dubi na kusa da shi. Tori ya ce shi ya ji, Dabaru aka ce, kunnen injiniya yana tsinto magana a cikin ƙara kamar yadda kaza ke tsinto tsaba a cikin yashi. Woru ya leƙo ya ce a bi a hankali. A ƙasar nan duk ɗa na biyu Sabi ne, Gunu kuwa ko a garin nan akwai uku. Kuma muryar nan ba ta mai karanta mana ta kullum ba ce, ga shi bunsurunsa ma ba ya inuwar katanga.

"Surukina ya mutu kana yi mini zancen bunsuru?" in ji Tori. "Hassada ce, Woru. Tun ran da eriyar nan ta yi magana ba ka ƙara barci ba."

Woru ya buɗe baki zai yi bayani, amma kukan mata ya rufe shi. Mai gari ya auna, ya ga in gaskiya ce aka tsaya bincike, wanke-wanken ne dai za a sake tararwa. Ya ce a shirya.

Ba a taɓa ganin Tori da kuzari irin na ranar ba. Ya tare wata motar auduga da ta sauke kaya, ya kira makaɗa da masu bindigar toka, don mutuwar tsoho a wajenmu biki ce. Ya sayi farin yadi a wajen mai tebur. Sannan aka zo kan abin da ke wuyan suruki, wato sa. Yana da wani jan bajimi da ya daɗe yana kiwo zai sayar ya sayi babur. Ya tsaya gabansa yana shafa tozonsa, sai ya tuna gobe za a ce mijin Bake ne ya fara isowa, da sa, saboda eriyarsa. Ya ce a ɗora shi. Woru ma ya hau motar, ya ce shi ba zai yarda a ba shi labarin nan ba.

A hanya Tori yana share ido da hannun riga, in ya juya wajen maza kuma sai ya ce su duba fa, ko ƙura ba su gani a gabansu ba, su ne na farko.

Su ne kuwa na farko. Dabaru shiru, mata suna daka, awaki suna kiwo. Tori ya ce kun gani, mutanen garin ma ba su gama ji ba. Aka sauka a bakin gari aka jeru, makaɗa a gaba, mata suna kuka suna kiran sunan mamaci, Tori yana jan sa da yadi a kafaɗa. A ƙofar gidan masu bindiga suka saki wuta.

Da hayaƙin ya washe, sai ga Sabi Gunu zaune a gindin kaɗanya, ƙwaryar sakwara a gabansa, loma a hannu.

Ganga ta mutu a hannun mai ita. Wata mata ta zubar da zane ta yi bayan mota. Bake ta tsaya, ta matsa, ta taɓa gwiwarsa, sannan ta faɗa jikinsa tana kukan da ya fi na farko. Tsohon ya kai lomarsa baki, ya haɗiye, ya dubi taron ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya wa ya mutu.

Duk idanu suka koma kan Tori, wanda ya durƙusa da igiyar sa a hannu.

"Baba, a rediyo aka faɗa."

"Aka ce wa?"

"Aka ce kai."

"To," in ji tsohon, "ni ban ji ba. Batirina ya ƙare tun shekaranjiya."

Mutanen Dabaru sun taru a lokacin. Wani mai shago ya ce shi ma ya ji sanarwar, amma ai a tashar wajen Nikki ce, wani Sabi Gunu ne mahauci, can kusa da iyaka. Nan Woru ya samu fili. Ya gyara tsayuwa ya ba da labarin igiya da turke da bunsuru, bai rage komai ba, har yana kwaikwayon yadda eriyar ke waiwayawa in akuya ta gifta. Mutane suka riƙa faɗuwa a kan juna. Mai garinmu ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Tori ya ɗago ya fara cewa ai ko a Kwatano akan samu irin wannan, Bake ta dube shi sau ɗaya, ya mayar da sauran ciki.

Ya lallaɓa zai juya da sa wajen mota, tsohon ya ɗaga hannu. Ya tambayi dattawan garuruwan biyu ko a tarihin Bargu an taɓa jin san jana'iza ya koma gida da ƙafarsa. Suka ce ba a taɓa ba. Ya ce to shi ba zai zama farkon wanda zai ɓata al'ada ba. Ya sa aka warware yadin, ya gwada a jikinsa daga kafaɗa zuwa ƙafa, ya ce ya gaza da kamu guda, ashe da ƙafafu a waje mijin Bake ya yi niyyar binne shi, amma ba komai, zai yi riga. Sannan ya ce wa makaɗa su ci gaba daga inda suka tsaya, mata kuma su maimaita kirarin da suka shigo da shi, don ƙarar bindiga ta hana shi ji da kyau.

Haka aka yi. Aka kayar da jan bajimi, Tori yana kallo babur ɗinsa ya shiga tukwane. Aka gasa hanta aka kawo wa mamaci, ya ci ya yaba, ya ce tun da yake bai taɓa halartar jana'iza mai daɗin wannan ba. Mutanen Guruparu kuwa suka ci nama tun yana tururi, karo na farko a tarihinsu.

Da rana ta yi sanyi aka hau mota. Tori ya zo sallama, ya durƙusa nesa kaɗan, kai a ƙasa. Tsohon yana sakace, ya yafito shi ya matso.

"Mijin Bake, ka yi ƙoƙari. Wannan na karɓa a matsayin gwaji, na gaskiyar ka fara kiwonsa tun yanzu." Ya tofar da abin da ya sakato. "Kuma ka ci gaba da saurara mini. Amma ran da ka ji na sake mutuwa, ka aiko a tambaye ni tukuna."